Hoton Sunan Jikata

Kaka ce mai albarka, shekarar da gero ya cika mana rumbu a Bungudu har zuciyata ta fara raya mini manyan abubuwa. Ɗiyata Hauwa ta haihu a Tsafe, mijinta yana Kudu wurin aiki, na yi masa alkawarin hoton jaririya ranar suna.

Na sayar da gyaɗata na nufi kasuwar Gusau. Mai shago ya miƙo wata 'yar kyamara ya ce, "Hajiya, wannan daidai kuɗinki, tana ɗaukar kusa da nesa." Na yi masa murmushin wadda ta gama ajin yaƙi da jahilci. Na zaɓi wata tsohuwa mai dogon baki, yadda nake zaɓen taɓarya, ga nauyi ga tsawo.

Ashe ta nesa ce kawai. A ɗakin mai jego na yi ta ja da baya har na tokari bango, kunnen jaririya kaɗai ya fito. Bunsurun maƙwabta kuwa, da na gwada daga ƙofar gida, ya fito har da gemunsa.

"Inna, wanne za mu tura masa?" in ji Hauwa, a natse.

Washegari na ari wayar ƙanwarta. Har yau in na shiga taro sai a ce, "Ku koma bayan gari, Inna za ta ɗauke mu."