Ranar da Na Sabunta Manhajar Motata

Zan kai Kawu Sale filin jirgi, sai muka tsaya a kasuwar Bab Makka zai sayi tsaraba. Sabuwar motata a haɗe take da wayata, saƙo ya shigo wai a sabunta manhajarta.

"Bari mu isa tukuna," in ji Kawu.

"Kawu, ni na san kan motar nan. Minti biyu, halas, an gama."

Na danna. Motar ta ɗauke ɗif, but ɗin da muka zuba kaya ya ƙi buɗuwa, fasfonsa kuma yana ciki. Muna tsaye cikin rana jirgin Kano ya tashi.

Bai yi mini faɗa ba, ya dai ba dangi labari. Har yau ko fanka ce ta fara lalacewa a unguwarmu ta Waziriyya, sai a kira ni: "Injiniya, zo ka ƙarasa ta."