Katunanmu a Cikin Ganga

Ni ne shugaban 'yan badujalar unguwarmu a Gure, shi ya sa ake ce mini Shef. Da aka gayyace mu biki Najeriya, na karɓe katin ɗan ƙasa na kowa, don ban yarda da hankalinsu ba. Na adana su cikin babbar gangarmu da ta fashe. Ashe washegari an kai ta an ɗinke da sabuwar fata.

A kan iyaka jandarma ya ce, "Takardunku."

Na girgiza masa gangar cikin girmamawa. Ya saurari kacau-kacau ɗin, ya ce, "To, Shef, ku buga su fito."

Muka buga har jandarmomin suka ƙame, suka ɗaga mana shinge, muka ƙetare muna fareti.

Har yau ko akuya ta ɓace a Gure, sai a ce, "A girgiza gangar Shef."