Albasar Turai a Fadamar Danchadi

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da ranarmu ta ƙarshe a Amsterdam ba. Zamanin farar hula ne, lokacin da kaya suka fara wuya, aka tura mu kwas kan injin ban ruwa. Ni ma'aikacin ƙaramar hukumar Bodinga ne, amma jikan manoma albasa, kuma ba na bari a manta da hakan.

A ranar abokan tafiyata suka ce mu zaga gari. Muka hau jirgin ruwa, muka kalli gadoji, muka kauce wa kekuna (saura kaɗan wata tsohuwa ta kwashe ni). Can muka faɗa wata kasuwa a bakin ruwa. Ina waigawa, sai ga albasa tuli a kwanduna, ƙanana, sumul-sumul.

Na ɗauki ɗaya na shinshina. Babu wari! Na ɓare da farce na kai ido. Babu hawaye! Na ce Allahu akbar, Turawa sun cire wa albasa yaji. Mai kayan yana ta nuna mini hoton fure a jikin kwando, ni kuwa ina gyaɗa kai. Wa zai koya wa Basakkwace albasa? Na fitar da takalman da na saya wa Inna, na cika jaka.

Damina ba ta yi kyau ba a shekarar, gero ya ƙone, kowa ya zuba wa fadama ido. Surukina a Danchadi kuwa da albasar rani yake ciyar da gidansa. Da na dawo, na je masa da albasar, na durƙusa na ce, "Baba, wagga in ta yi iri, kun huta." Ya juya ta a hannu ya ce, "Malam, albasa ba wari?" Na ce ai ci gaban ke nan. Kunyar suruki ta sa ya ba ni fangalinsa mafi kyau, na kusa da rijiya.

Labari ya bazu. Har daga Shagari da Kajiji ake zuwa kallon albasar Turai, ni kuma ina tsaye da hula a karkace ina bayani.

Rannan da safe aka aiko in zo maza. Na iske mutane cirko-cirko a bakin fangalin. Innalillahi! Yawancinta ta ruɓe, sauran kuwa ta fito da furanni, ja da rawaya, manya-manya kamar kofin shayi. Na tona ɗaya da hannuna, wai ko albasar tana ƙasa. Babu komai sai abin da na shuka, shi ma ya yamushe.

Baba ya dubi furannin, ya ce a hankali, "Malam, wagga albasa taka, ci aka yi ko kallo?" Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

A shekarar, gidan da ke loda buhuna a mota sai da ya roƙi albasar miya a maƙwabta. Ni na yi ta kai musu dawa a kan keke har damina ta faɗi, ina bi ta bayan gari don kada in ji ana kirana Malam Fure.

Tun daga nan, albasar da ba ta sa ni hawaye a kasuwa ba, ba na saye. Na san a gona take jirana da hawayen.