Bencin Bakin Taga

Ba zan taɓa mantawa ba, ko tsufa ya kwashe min haƙora, da ranar da na yafa mayafina na nufi firamaren unguwarmu a Limawa neman faɗa.

'Yata Nana tana aji biyu, an kuma aiko cewa in ba ta gyara ba, maimaita ajin za ta yi. Yarinyar da a gida ko allura ta faɗi sai ta ji, amma a makaranta wai kamar ba ta nan. Ni kuwa tun a hanya na gama shari'a: Habu ne, yaron da suke benci ɗaya. (Ban taɓa ganinsa ba, amma uwa ba ta rasa wanda za ta ɗora wa laifi.)

"Malama, a raba min 'ya da yaron nan, shi yake ɗauke mata hankali."

Malamar ta yi murmushi. "To Maman Nana, zauna a gurinta yau ki gane wa idonki. Ita bari ta dawo nan gabana."

Na cusa jikina a bencin, can ƙarshen aji, jikin taga. Yara danƙam, wasu ma a ƙasa, allo kuwa don nisa sai ka ce a garin Garki aka kafa shi. Habun da na kawo ƙararsa ashe ɗan shiru-shiru ne, sai taunar fensir.

Aka fara lissafi. Allah ne shaidata, na yi niyyar saurare. To amma a bayan tagar nan masu awara da ɗanwake suke zama kafin yara su fito hutun tara, kuma har da Ladidi maƙwabciyata a ciki. Sai na jiyo muryarta:

"Ke, kin ci wainar sunan gidan Malam Sabo? Tsami kamar da tsamiya aka kwaɓa!"

Jama'a, ni na soya wainar nan!

Daidai nan Malama ta ce, "Biyar a tara da uku, nawa ke nan?" Yara suka hau ƙirga yatsu. Ban san sanda na zura kaina waje ba:

"Ƙarya kike, Ladidi! Faranti biyu kika cinye a gabana!"

Dariya ta ɓarke, har Habu ya faɗo daga benci. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Cikin hayaniyar nan sai ga wani ɗan hannu a sama, can gaba.

"Takwas ne, Malama." Nanata ce!

Malama ta goge hawayen dariya. "Kin gani ko? Babba ma tagar nan ta fi ƙarfinta, balle ƙaramar yarinya da ta gado kunnenki."

Daga ranar Nana ta zauna a gaba, kuma alhamdulillahi ta wuce aji uku. Habu na kai masa waina ta ban haƙuri (ya ce ba tsami).

Yanzu kafin in kai ƙarar ɗan wani, sai na fara zama inda nawa yake zama. Ladidi dai har yau "'yar aji biyu" take kirana.