Rasuwar Bulbul, Wadda Aka Soya da Tafarnuwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu tafasa take yi, Nigat Dar, mai ɗakin gashin ƙashi a bayan kasuwar tukwane ta Gujranwala, take sanar da rasuwar na'urarta Bulbul, wadda ta cika ranar Talata da hantsi tana da shekara goma sha ɗaya. Ba jinya ta yi ba. Kashe ta aka yi, kuma an san mai hannu a ciki.

Marigayiya mai kawaici ce. A shafa wa majinyaci magani, a ɗora kanta ana zagayawa a hankali, ita kuma ta tura shi cikin fata da wani sauti da kunne ba ya ji. Ba allura, ba ɗaci. Maganarta duka ba ta wuce "tit" in an kunna ta ba, sai "tit-tit-tit" in minti bakwai ya cika. Abu guda ta roƙa a duniya, kada a haɗa ta da zafi.

Ajalinta ya zo ta hannun Shafkat, ƙanin Nigat, ɗan kokawa mai wuyan bijimi, wanda ya yi imani babu ciwon da man sarso, man nan mai yaji da suke mulke jiki da shi, ba ya kashewa. Targaɗe ya yi a kafaɗa. Ya faki idon yayarsa ta haura sama da shayi, ya soya man da tafarnuwa, ya tsoma kan Bulbul cikin kasko yana tafasa don ya kwaso. Ta ce "tiii" sau ɗaya, doguwa, ta yi shiru. Da aka ritsa shi, ko kunya babu, cewa ya yi, "Haba Yaya, naki maganin mai kama da majina ma ta tura, balle mai na gaske?"

Ta rasu ta bar maƙera masu ciwon gwiwar hannu da direbobin riksha, keken hayar nan mai ƙafa uku, masu riƙe da ƙugu. Sama da kowa ta bar Bebe, mahaifiyar su biyun, wadda gyambon ciki ya hana haɗiyar ƙwaya. Bulbul ce ke kai wa gwiwoyinta magani. Saura zama shida na gashi tsohuwa ta bar sallar kujera ta kai goshinta ƙasa a watan azumi, abin da ta shekara biyu tana roƙo. "Ƙyale shi, 'yata, ai ƙarfe ne," in ji Bebe, sannan ta juya ga bango ta share ido da mayafi. Nigat ta gani, kuma ba za ta ƙyale shi ba.

Jana'iza ranar Alhamis bayan la'asar. Za a naɗe gawar a rawanin da Shafkat ya ci a gasa, a ajiye ta a ƙofar filin kokawa tare da kaskon, abokansa su gani. Masu ta'aziyya kada su kawo abinci mai tafarnuwa.

Zaman makoki kuwa tafiya ce. An samu wata na'urar a wani bene can ƙarshen gari, hawa na huɗu, matakala zalla. Shafkat zai goya Bebe hawa da sauka, sau uku a mako, da wannan kafaɗar tasa, har ranar da za ta yi sujada. Nigat za ta bi su a baya, duk inda ya yi nishi ta ce masa, "tit."