Gaisuwar Suruki a Kan Dutsen Shira

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na gangaro daga dutsen Shira ba, kuma ko na so mantawa mutanen gidana ba za su bari ba. Har jikokina sun haddace labarin, sai dai a bakinsu dutsen ya ninka tsawonsa, wai kuma har ihu na yi. (Ban yi ihu ba. A duk lamarin wannan kaɗai nake iya bugun ƙirji da shi.)

Wajen ƙarshen shekarun tamanin ne, ina ƙaramin ma'aikaci a wani ofis a Azare, ina ji da kaina ƙwarai. Ina da basfa, ina da safari mai ruwan toka, ina da baƙin takalmi kobashu da nake gogewa har sai na ga fuskata a jikinsa, ga kuma safar nailan mai santsin nan da 'yan gayu ke yayi a lokacin. Ku riƙe zancen safar nan, za mu dawo kanta.

Abin da ba ni da shi shi ne mata, kuma ita nake nema ido rufe. Saudatu tana zaune a gidan yayarta a Azare tana karatun malanta, amma mahaifinta yana Shira. (Ba zan faɗi sunansa ba, suruki ne. Baba nake ce masa, ku ma ku ce Baba.) Baffana ya je har gida neman iri, Baba ya ce a ba shi lokaci zai yi shawara. Shawarar nan ta cinye damina guda, ba e ba a'a, ni kuwa har ramewa na fara yi.

Da na matsa wa Saudatu sai ta gaya mini gaskiya. Baba bai ƙi boko ba, amma 'yan boko sun taɓa ɓata masa rai. Wani ma'aikaci ya je neman yayarta, ya shiga zaure da takalmi, ya tsaya ƙiƙam ya miƙa masa hannu kamar sa'ansa. Baba ya dubi hannun, ya dubi mai hannun, daga nan maganar ta mutu.

"Ka ji dai," in ji ta. "Duk inda kuka haɗu ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, ka sunkuyar da kai. Kuma don girman Allah kada hannunka ya taɓa nasa."

Na ce ta kwantar da hankalinta, ni ɗan gidan tarbiyya ne. Sau ɗaya na taɓa gaishe shi, ranar wani suna a gidan yayar tata, kuma ko a ranar ƙafarsa kawai na gani sosai.

To a ofis ɗinmu akwai wani abokin aikina, Bulus, mutumin Bogoro can kudancin jiha, inda duwatsu suke kamar a ba ka kyauta. Mutumin kirki ne, amma bakinsa ba ya hutawa. Kullum sai ya tsokane mu cewa ƙasarmu ta Katagum shimfiɗe take kamar tabarma.

"Ku a nan," in ji shi, "in mutum ya hau jaki ya gama ganin ƙasarku kaf. Tudun da ya fi tsawo a garin nan ai jujin bayan kasuwa ne."

Ranar nan kishin gida ya motsa mini. Na ce, "Ka taɓa zuwa Shira? Ka shirya ranar Asabar in kai ka ka ga duwatsu, ka ga tarihi, ka dawo ka ba mu haƙuri." Ban gaya masa cewa ni ma sau ɗaya na taɓa zuwa ba, muna firamare, kuma a gindin kuka na wuni ina shan rake don ciwon ciki ya hana ni hawa. Abin da na taɓa hawa mafi tsawo a rayuwata shi ne katangar gidanmu.

Ranar Asabar Bulus ya zo da takalmin kambas da tsohon wando, ya ratayo kyamara a wuya. Ni kuwa na ci ado: safari, kobashu, safa. Ba ni da niyyar ko leƙa unguwar su Baba, kunya ba za ta bari ba, amma na ce garin Saudatu ne, wani zai iya ganina ya kai labari, gara labarin ya zama mai kyau.

Lokacin kaka ne, an yanke gero, hanya duk ƙamshin sabon kara. Muka tsaya a Yana muka sha ruwa, muka miƙa. Can sai ga duwatsun sun taso a gabanmu, manya-manya, wasu sun hau kan wasu kamar wani ya jera su ya tafi zai dawo. Ga kukoki a gindinsu, ga garin ya lafe a tsakani. Gaskiya wurin yana da kwarjini, har ni mai kawo baƙo sai da na saki baki ina kallo.

Bulus ya ce, "To, ba laifi. A wajenmu waɗannan 'ya'yan dutse ne, amma ba laifi."

Muka ajiye basfa muka fara hawa, ni a gaba ina zuba tarihi, rabi abin da aka koya mana a makaranta, rabi abin da Saudatu ta ba ni labari, in na rasa kuma in cike da nawa. Na gaya masa Shira tsohon gari ne, yana da sarautarsa tun kafin a san Azare. Na nuna masa ragowar ganuwa, na nuna masa kogunan da aka ce mutane kan ɓuya a ciki in mahara sun zo. A ƙarƙashin wani dutse mai kama da rumfa muka ga zanen shanu da jan launi, masu dogayen ƙaho, rana da ruwan sama ba su goge su ba. Bulus ya tsaya ya daɗe yana kallo, tsokanar ma ta ɗauke masa.

"Su wa suka zana?"

Na ce, "Mutanen da."

"Waɗanne mutanen da?"

Na ce, "Na da can." (A nan ilimina ya ƙare, sai na yi sauri na ja shi gaba.)

Akwai wani dutse da in ka ƙwanƙwasa shi da ɗan dutse sai ya yi ƙara kamar ƙararrawa. Gaba da shi kaɗan kuma ga wani falalen dutse ya kwanta a karkace, ya gangara har ƙasa, tsakiyarsa sumul yana sheƙi. Wannan Saudatu ta ba ni labarinsa. Ta ce a zamanin kakanninta, in za a kai amarya sai ƙawayenta su hau da ita su kaɗa dutsen nan mai ƙara, sannan ta zauna ta zame ta kan falalen har ƙasa ana guɗa. An daina tuntuni, sai yara ke wasan zamiya a kai, su ma da kaka hana su ake yi, don mata na shanya a gindin. Na leƙa kuwa na hango su can ƙasa, sun baza barkono jajur suna hira.

Bulus ya ce in tsaya a bakin falalen ya ɗauke ni hoto. Na gyara wuyan riga, na riƙe ƙugu, ya ja da baya yana kanne ido. Sai na ji an yi sallama a gefena. Na waiga. Wani dattijo ne da malafa da sanda, ya saɓo lauje a kafaɗa, ya biyo ta kan dutse daga gonarsa da ke baya. Baba ne.

Gabana ya yanke ya faɗi, amma jikina ya san aikinsa. Nan take na tuɓe kobashu, har jera su na yi gefe da gefe, na durƙusa a kan safar nailan, na sunkuyar da kai.

"Barka da rana, Baba."

"Barka kadai. A'a, kai ne a garin namu? Ya hanya?"

"Lafiya lau, Baba."

"Ya mutanen Azare? Ya wajen su baffanka?"

"Suna gaishe ku, Baba."

Da yake kaina na ƙasa, ƙafafunsa kawai nake gani. Sai na ga ƙafafun suna yin nisa a hankali. Wallahi na ɗauka shi ne yake ja da baya, har zuciyata ta karye, na ce shi ke nan, ko tsayawa kusa da ni ba ya so. Sai da na ga takalmana su ma suna yin nisa sannan na gane wanda ke tafiya.

Baba ya yar da sanda ya sunkuyo. "Kai, yaro, kamo hannuna! Kamo!"

Ga hannun nan a saitin hancina, in na miƙa yatsa biyu ma na tsira. Amma muryar Saudatu ce ta cika mini kunne. Kuma (Allah ya yafe mini) a raina na ce gwaji ne, dattijon nan so yake ya gani ko irin wancan ma'aikacin ne. Sai na rungume hannuwana a ƙirji, na ƙara sunkuyar da kai.

"A'a Baba, ba komai. Lafiya lau ne."

Bulus yana ihu, "Kama mana! Kama hannun baban, kai!" Na ji ƙarar kyamara, ƙafata ta goce, na zauna daɓas, dutse ya karɓe ni. Abin da ya fi ba mutane dariya har yau shi ne, ina tsakiyar gangara iska na kaɗa mini riga, sai na tuna ban gama gaisuwa ba, na ɗaga murya na ce, "Ya aikin gona, Baba?"

Ban ji amsarsa ba, don a lokacin na isa cikin barkono. Mata suka watse suna salati, kwando ya yi gabas faifai ya yi yamma. Na miƙe ina atishawa ba ƙaƙƙautawa, hawaye na zuba, sai na ji iska na shiga ta inda bai kamata ba. Ashe bayan wandon safarin ya yage ya zauna a kan dutse, kuma barkono ya riga ya gano hakan kafin ni.

Wata tsohuwa ta ce, "Innalillahi! Wannan daga ina ya faɗo mana?"

Wata kuma ta dube ni, ta dubi falalen, ta dafa ƙirji ta ce, "Oh ni! Rabon da amarya ta sauko ta nan tun ina yarinya!" Ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa, sauran suka kwashe da dariya har da masu zama a ƙasa. Ita ce ta ji tausayina ta ba ni zanen da take yafe da shi na ɗaura a ƙugu. Daga baya na ji ashe gwaggon Saudatu ce.

Ina tsaye da zane da yagaggiyar safa sai ga Baba ya zagayo ta hanyar mutane, Bulus na biye. Baba yana riƙe da takalmana a hannunsa. Mutumin da nake neman 'yarsa, shi ne ya ɗauko mini takalmi daga kan dutse. A lokacin nan, da ƙasa za ta tsage da na shige, in ce ta rufe da kyau.

Haka aka ratsa gari da ni zuwa zauren da na rantse ba zan leƙa ba. Aka kawo ruwa na wanke ido, Baba ya sa aka ba ni wandonsa. Ya ce in zauna, na ce na fi son durƙuso, kuma a wannan karon ba ladabi ba ne. Ya daɗe yana kallona, malafarsa na ɗan rawa.

"Yaro, me ya hana ka kama hannuna?"

"Kunya, Baba."

"Kunya." Ya jinjina kai. "To da dutsen ya fi haka tsawo fa?"

Sai Bulus ya ce, "Ai Baba, da sai mu kai shi Azare a kwance, amma da ladabinsa cif." Nan Baba ya kasa daurewa, ya juya fuska bango yana dariya har da tari.

Bulus ne ya tuƙa basfa muka koma, ni a baya a karkace. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba don zafin barkono ba. Na riga na sallama Saudatu, don ban ga uban da zai ba da 'yarsa ga wanda garinsu kaf ke kira Amaryar Dutse ba.

Ba a daɗe ba sai ga saƙo daga Shira zuwa ga Baffa. Baba ya ce, "Na ba shi. Yaron nan ko dai ladabi ya yi masa yawa, ko wayo ya yi masa kaɗan. Ko wanne ne, ba zai cuci 'yata ba." Baffa ya tambaye ni yabo ne ko zagi, na ce ni dai a sa rana.

Da aka wanko hoton, ba ni a ciki. Takalma biyu ne a jere, da hannun Baba a miƙe, da ɗan gashin kaina a can ƙasan takardar yana shirin fita. Yana nan rataye a ɗakin Saudatu, ta hana a cire, kuma duk baƙon da ya tambaya sai ta ba shi labari tun daga basfa.

Shekaru suka ja, na aurar da 'ya ni ma, amma ban taɓa haɗa hannu da Baba ba. Sai da tsufa ya kama shi, muka kawo shi asibiti a Azare. Zai sauko daga mota ƙafarsa na rawa, ni kuwa na koma gefe na sunkuyar da kai kamar kullum. Sai na ga hannun nan a saitin hancina.

Ya ce, "To, Amarya, yau ni ne zan zame. Ko har yanzu kunyar ce?"

Da hannu biyu na kama. Hannun ya yi sakayau, ba nauyi, kuma bai sake ni ba har muka isa bakin gado.

Abin da na koya dai shi ne, ladabi ma yana so ka fara duba inda ka taka. In suruki ya miƙo maka hannu a kan dutse, ka kama da ƙarfi, in kun sauka ka ba da haƙuri. Safar nailan kuwa, ko kyauta aka ba ni ba na karɓa.