Murya a Kalmasar Riga

A duk gidan jikar Kaka kaɗai ta lura cewa rigunansa huɗu da ke rataye a bayan ƙofa an farke musu kalmasa. Tsohon tela kuwa ba ya barin zare yana reto haka kawai.

"Lafiya kuwa, ɗan tsoho? Ɓera ne ya shiga rigunanka, ko hannun ne ya fara gardama?"

"Ji mummuna! Ai ke kika jawo min, da karatunki na tsiya."

Jikar ta zauna a gefen keken ɗinki. "Ni kuma?"

"Ba ke kika ce kotu ta rufe shafin da kike sauko min da tsofaffin waƙoƙi ba? Abokaina kowa ya goge nasa, mai shagon caji ma ya daina tura wa mutane. Na ce kafin a zo kaina, bari in ɓoye memorin wayata."

"A ina?"

"A kalmasa. Na ɗinke shi tsaf."

"Ta wace riga?"

Kaka ya shiga gyaran tabarau.

Dariya ta taso mata, ta haɗiye. Ta san waƙa ɗaya ce ta dame shi, wani tsohon faifai da marigayiya kakarta ta yi amshi a ciki tun tana budurwa. Shafin ya tafi, babu inda za a sake samo ta.

"Masu rabawa ake nema, Kaka. Wace hukuma ce za ta ƙona mai ta zo kama mai haƙora uku?"

"Huɗu ne! Kuma da su zan auro wadda ta fi ki kyau."

"Fara nemo ta farkon tukuna."

Kaka ya ƙura wa rigunan da ya farke ido. Hakan ya sa ta miƙe ta fita wajen igiyar shanya inda aka shanya sauran kayansa, tana bin gindin riguna da yatsa, har ta ji ɗan tauri a wata shuɗiya mai danshi.

"Ga amaryarka, an yi mata wanka da sabulu!"

"Innalillahi! Kawo, kawo. A'a, saka ke."

Ta farke, ta goge katin da gefen mayafi, ta hura, ta saka a wayar. Shiru. Sai ƙarar tsohon faifai, sai kiɗa, sai wata siririyar murya ta ɗauki amshi.

Kaka ya juya fuska wajen taga. Sai da waƙar ta ƙare ya yi gyaran murya.

"Kin ji murya? Ba irin taki ta agwagwa ba."

"Agwagwar ce dai ta tsamo ta daga ruwa."

Ya yi dariya yana share ido. "Na sallama. Ɗauki shuɗiyar, in rage miki ita."

"Sai na fara adana waƙar a kwamfutata."

Ya jawo rigar farko daga bayan ƙofa, ya lashi bakin zare, ya miƙa mata allura ta zura masa.